Kula da Kaza Mai Kwanci da 'Yan Tsakinta



Maganarmu ta yau a kan kaza ce mai kwanci. Kusan kowane gida a ƙasar Bodinga da Shagari akwai kaji, kuma su ne asusun talaka: in baƙo ya zo, ko yaro ya kwanta ciwo, ko salla ta matso, kaza ake kamawa. Amma kowa ya sani, kaza takan ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma, kafin wata biyu sai a ga saura uku ko huɗu. Yawancin wannan hasara ana iya tare ta da kayan da ke cikin gida, ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba.

Zaɓen kaza da ƙwai

Ba kowace kaza ce ta dace da kwanci ba. Ku zaɓi mai ƙoshin lafiya, mai nama a ƙirji, wadda in an kai hannu gurbinta takan buɗe gashi ta yi faɗa. Ramammiya ba ta iya jure kwana 21, don mai kwanci ba ta cin abinci sosai, jikinta take ci.

Ƙwan da za a sa mata ya zama sabo, wanda bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba, daga gidan da akwai zakara. A ajiye shi a wuri mai sanyi da inuwa. Kada a wanke shi da ruwa, don wankin yana cire abin da ke tsare ɓawon daga ƙwayoyin cuta. A ware mai tsaga, da ƙarami ainun, da mai ƙazanta. Kazarmu ta gida ƙwai 8 zuwa 10 ya ishe ta. In kun cika mata, na gefe sai su huce, ita kuwa tana juya su kullum, ƙarshe sanyin ya shafi da yawa. Ku sa wa kowane ƙwai alama da gawayi, yadda in wata kaza ta zo ta ƙara nata za ku gane ku cire.

Masu sa wa kaza ƙwan zabi da damina su lura: na zabi yakan kai kwana 26 zuwa 28. In kun haɗa shi da na kaza rana ɗaya, da 'yan tsaki sun fito uwar za ta tashi ta bar sauran su lalace. Gara a ba kowace kaza iri ɗaya.

Gurbi

A yi gurbi a wuri mai duhu kaɗan, mai iska, nesa da sauran kaji da ɓarnar yara. Tsohuwar tukunya mai faɗi ko kwando ya isa. A zuba yashi mai tsabta a ƙasa, a barbaɗa toka, sannan a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Da bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, alhali ƙwai na bukatar wajen 37 da rabi ne kawai. Saboda haka kada a yi gurbi a ƙarƙashin rufin kwano. A ɗan jiƙa yashin ƙarƙashin ciyawa, don in iska ta bushe ƙwarai fatar cikin ƙwai takan manne wa ɗan tsako ya kasa fitowa. Da damina kuwa a ɗaga gurbin daga ƙasa saboda ruwa. Da dare a rufe akurki, don muzuru da gafiya da maciji.

Ƙwarin jiki

Babban abokin gaban mai kwanci shi ne ƙuma da ƙwarƙwata da kaska. Tana zaune wuri ɗaya, su kuwa suna shan jininta. Kaskar kaji da rana takan ɓuya a tsagar bango, da dare ta fito. In kun ga kaza ta tashi ta bar ƙwai ba dalili, ku fara duba ƙarƙashin fikafikanta da kewayen idonta. Kafin a sa ta kwanci a share akurki, a yaɓe duk wata tsaga, a shafa mata toka a jiki. A tanadi wurin birgima kusa da ita, yashi gauraye da toka. In ƙwarin sun yi yawa, a nemi hoda daga malamin dabbobi. Kada ku yi amfani da maganin feshin wake ko na auduga, yana iya kashe kazar, kuma haɗari ne ga mutanen gida.

Ci da sha

A ajiye dawa ko gero da ruwa mai tsabta kusa da gurbi, amma ba a cikinsa ba. Ya kamata ta sauka sau ɗaya a yini, ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta yi birgima, ta koma cikin kamar rabin awa. Wadda ta ƙi sauka, a ɗauke ta a hankali. Da bazara ruwa ya fi komi, a canja shi safe da yamma.

A rana ta 10, da dare, ku haska kowane ƙwai da tocila. Mai ɗa za ku ga duhu da jijiyoyi a ciki. Wanda haske ya ratsa shi fes, a cire shi, kada ya zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran. Daga rana ta 18 a bar ta kurum, kuma kada a ɓare wa ɗan tsako ɓawo da hannu.

Bayan ƙyanƙyasa

A ƙone tsohuwar ciyawar gurbi. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa, to ku taimake ta. Ku tsare uwa da 'ya'yanta a akurki ko babban kwando a inuwa har mako 4 zuwa 6. Sakin su tun rana ta fari shi ke kai su bakin shirwa da shaho, ko raɓar safiya, ko sanyin hunturu.

A ba su tsakin gero ko na dawa, da dusa mai laushi, da dakakken ƙuli-ƙuli kaɗan, da yankakken ganyen zogale. Gara tana gina musu jiki ƙwarai. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara take da yamma, da safe a juye musu. Ruwansu a zuba a faranti marar zurfi, a sa tsakuwa a ciki don kada su faɗa. Ita ma uwar a ciyar da ita sosai, ta mai da jikinta ta koma saka da wuri.

Annoba

Cutar da ta fi share kaji, musamman da hunturu, ita ce wadda likitoci ke kira Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta a 1926. Alamunta su ne koren zawo, da wahalar numfashi, da murɗewar wuya. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wani rigakafi mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, babba da ƙarami, a maimaita bayan wata 3 zuwa 4. In an yi wa uwa kafin ta fara saka, kariyar takan bi ƙwai ta tsare 'yan tsaki a makonninsu na farko. Rigakafi na mai lafiya ne, ba ya warkar da wadda ta kamu.

Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta, kada a jefar a bola. In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da ofishin dabbobi nan da nan, don murar tsuntsaye, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2006 a Jihar Kaduna, tana kama da wannan cuta kuma tana iya kama mutum.

Kwalbar rigakafi ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba ta kwana. Saboda haka ku haɗa kai da maƙwabta, ku sa rana tare da malamin dabbobi tun kaka, kafin hunturu ya shigo. Mai tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa.

Allah ya sa albarka a kiwo, ya ba mu damina mai kyau. Amin.