Daga Gonarmu Zuwa Tukunyarmu: Jawabin Kwamitin Shago A Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Iyayenmu mata da ke zaune a gaba, Hajiya shugaba da muƙarrabanta, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, 'yan uwa 'yan ƙungiya, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka daure suka zo, muna yi wa kowa sannu da zuwa. Allah Ya maimaita mana. Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Daura, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

An ce mu 'yan kwamitin shago mu yi bayani a kan shagon abinci na ƙungiya. Takardar nan da hannunmu muka rubuta ta, ba wanda ya rubuta mana, albarkacin karatun yamma.

Wadda ba ta taɓa leƙawa ba, ga abin da ke ciki: gero, dawa, wake, waken soya, gyaɗa da riɗi. Akwai garin kuka, busasshiyar kuɓewa, zogalen da aka shanya a inuwa, daddawar kalwa, tsamiya da zoɓo. Sai man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, man shanu da zuma. Da muka buɗe, wasu sun yi dariya, suka ce, yo wannan ai duk akwai shi a kasuwa. Gaskiya ne, akwai, mu ma 'yan kasuwar ne. Abin da ya bambanta namu shi ne mun san hannun da ya yi kowane abu. Mun san gidan da aka dafa daddawar, mun san matar da ta matse man, kuma in aka samu tsakuwa a cikin wake mun san ƙofar da za mu je mu yi sallama.

Mu fara da maganar kuɗi, tunda ita ce kowa ya fi saurin ganewa. In kika sayi katan ɗin taliya, 'yar ribar da ta rage a garin nan kaɗan ce. Sauran kuɗin mota suke hawa su tafi Kano, daga can su wuce inda kamfani yake. To amma ɗauki kwalbar man gyaɗa ɗaya. Manomin da ya noma gyaɗar a Sandamu ko Baure ya samu. Mai injin niƙa ya samu. Matar da ta soya ta matse ta samu, ga tunkuza ta rage mata ta yi ƙuli-ƙuli ta sake samu. Yaron da ya turo baro ma ya samu na koko. Naira ɗaya ta shiga gida huɗu kafin ta bar masarautar nan, wani lokacin ma ba ta fita, don matar nan gobe wurinki za ta zo sayen atamfar sallah.

Shekarar 2023 ta koya mana wannan karatun ba da alli ba. Da farkonta takardar kuɗi ta ɓace, muka wuni a kasuwa da kaya ba mai saye. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, duk abin da ke zuwa daga nesa ya bi shi. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yuli aka rufe iyaka, hanyar Kwangwalam ta yi tsit, kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi ta yi sanyi, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Gero ma ya yi tsada, ba ma musu. Amma gidan da ke da hatsi a rumbu da wake a ɗaki bai kwana da yunwa ba. Abin mamaki, a wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta ce shekarar gero ce a duniya baki ɗaya. Geron da muke surfawa tun muna 'yan mata, wanda wasu 'ya'yanmu ke cewa abincin ƙauye ne, shi manyan duniya suka zauna suna yaba.

Sai maganar lafiya, nan ne za mu ɗan daɗe. Ku duba taron nan, mata nawa ne ke shan maganin hawan jini? Nawa ne likita ya hana su sukari? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a wuni, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wannan fa har da na miya, da na ƙosai, da na yajin tsire. Dunƙulen da muke murzawa a miya kuwa, ku karanta jikin takardarsa, gishiri ne gaba-gaba a jerin kayan da aka haɗa. Mu saka huɗu, mu ƙara gishiri, mu ƙara farin ɗanɗano, sannan mu ce jiri ke ɗibarmu. Kakanninmu da daddawa da albasa da citta da masoro suke miya, har maƙwabta su ji ƙamshi. Ba mu ce a jefar da dunƙule yau ba, don mun san maigida zai ture kwano. A rage ɗaya, a ƙara daddawa, bayan mako biyu a sake rage ɗaya. Harshe yana sabawa. Amma gishirin da za a saya, a sayi na leda mai sinadarin hana maƙoƙo, shi muke ajiyewa a shago.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yara. A tsakiyar 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida, saboda tamowa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiharmu ce fa, jihar gero da wake da gyaɗa. Talauci ne babban dalili, kowa ya sani. Amma akwai gidan da ake da wake a ɗaki, ana sayarwa a sayo wa yaro biskit da lemon leda. Koko tsura yana cika cikin yaro ne kawai, ba ya gina jiki. Shi ya sa muke haɗa garin kunun yara: gero ko dawa, da waken soya da gyaɗa, a soya kowanne daban, a niƙa tare. Wata shida na farko nonon uwa zalla, ko ruwa ba sai an ba shi ba. Daga nan a fara kunun, a ci gaba da shayarwa, a riƙa barbaɗa garin zogale a abincinsa. Wadda ba ta da kuɗin saye ta zo mu nuna mata yadda ake haɗawa, kyauta, ba sirri ba ne.

Ga kuma maganar ajiya. Mu 'yan kasuwa mun san abin da wasu ke yi wa wake don kada ya huje: fiya-fiya ake zuba masa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Su sun ƙi ci, mu muka ci gaba da yin alala da shi. A shagonmu ba a sa wa hatsi magani. Buhun nan mai rufi uku muke amfani da shi, leda biyu a ciki, buhu a waje. A shanya wake ya bushe ƙayau, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro bai samu iska ba sai ya mutu da kansa. Jarka mai murfi ma tana yi, in an cika ta maƙil an rufe gam. Gyaɗa kuwa tsince ta muke yi ɗaya-ɗaya, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi baƙi a zubar, don gubar da ke cikinta hanta take ci, kuma suya ba ta kashe ta. Kada a ce a ba yara ko a yi ƙuli da ita don gudun asara.

Kuma kada wata ta ɗauka duk abin da aka ce na gargajiya ne ba ya cutarwa. Madarar shanu sai an tafasa kafin a yi kindirmo. Zuma ba a ba jaririn da bai shekara ba, kuma mai ciwon sukari kada ta ce ai zuma ce ta sha son ranta. Zogale abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Shagon nan yana tangal-tangal, kuma ba baƙi ne suka jawo ba. Littafin bashi ya fi littafin ciniki kauri, sunayen da ke ciki kuma namu ne, 'yan ƙungiya. Ba za mu karanta suna a gaban surukai ba. Amma mai daddawa in ta kawo kaya kuɗinta take so a hannu, don da shi za ta sayo kalwar gobe. In muka ce mata sai wani mako, sau biyu, sau uku, za ta kai kayanta wani wuri, kuma ba ta yi laifi ba. Wasu kuma suna cewa manmu ya fi na kasuwa tsada. E, ya ɗan fi, don ba a sirka shi da wani mai ba, kuma kwalbarmu cike take har wuya. Tiyarmu ma ba a bubbuge mata gindi ba. Ku zo da taku ku gwada.

Alhazai, iyayen gida, ku ma da ku muke. Kuɗin cefane daga aljihunku yake fitowa. In za ku aiki yaro sayen wake ko mai, ku ce ya fara biyawa ta shagon matanku.

Abin da kwamiti ke roƙo ga shi. Duk mai bashi ta biya kafin kaka, ko da kaɗan-kaɗan ne duk mako, ma'aji za ta rubuta ta ba ta shaida. Daga yau bashi ba zai wuce mako biyu ba, wadda ba ta biya na baya ba kuma ba za a ƙara mata ba. Muna kuma neman iznin taro a ware kwasa ɗaya ta adashi don sayen gero da wake da gyaɗa da kaka, lokacin da suke araha, mu adana zuwa bazara da damina, 'yan ƙungiya su saya ƙasa da farashin kasuwa. Za mu fara da manoman da ke cikin danginmu, sai na ƙauyukan Zango da Mai'aduwa, kayan miya kuma daga masu noman rani na Daberam da Sabke. Bayan an ci abinci Hajiya shugaba za ta sa a ɗaga hannu a kan wannan. Abincin ma duk daga shago ya fito, dambun zogale ne da ɗanwake da zoɓon da ba a cika wa sukari ba.