Amsoshin Wasiƙunku: Ina Ruwan Manomi da Lissafin "Mol"?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Manga, a ƙasar Zuru ta Jihar Kabbi. Wani manomi ne ya rubuto, ya ce ɗansa yana ajin kimiyya a sakandare, kullum dare yana fama da wani lissafi wai shi "mol", har ya fara cewa zai gudu ya bar ajin. Ya ce mu gaya masa gaskiya: abin nan yana da amfani, ko ya bar yaron ya dawo gona?

To Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci. Na riƙe alli kafin in riƙe makirfo, saboda haka gyara zama.

Ka san ƙwaryar goro ɗari ce, ƙwaryar doya ma ɗari ce. Ƙidaya ɗaya, amma wa zai ce nauyinsu ɗaya? To mol ƙwaryar masana sinadarai ce. Ƙwayoyin zarra da Allah ya gina komai da su sun yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, shi ya sa tasu ƙwaryar ta yi girma: rubuta 6, ka jera mata sifiri 23, ka kusa. Ana kiran wannan adadi da sunan Avogadro, wani masani ɗan Italiya. Ba mai iya ƙirga wannan ɗaya bayan ɗaya, sai dai a ɗora a sikeli. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na gishiri giram 58 da rabi.

Yanzu shiga rumbu ka dubi buhun yuriya. Za ka ga an rubuta 46. Daga ina ta fito? Ga yadda yaronka zai gano ta. A littafinsa ana rubuta yuriya CO(NH2)2. Kabon ɗaya, nauyinsa 12. Oksijin ɗaya, 16. Haidirojin huɗu, 4. Naitirojin biyu, kowanne 14, ya zama 28. A haɗa duka, 60 ke nan. Wato mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, kuma giram 28 daga ciki shi ne naitirojin, abincin da ke sa ganyen masara da dawa ya yi shar.

Buhu kilo 50 ne, wato giram 50,000. Raba da 60, ka sami mol 833. Kowane mol yana ɗauke da giram 28, sai ka ninka: kilo 23 da 'yan kai. Kilo 23 cikin 50, kashi 46 cikin ɗari ke nan. Ka ga lambar nan ba ado ba ce.

'Yan kasuwa, ku ma ku matso. Buhun kamfa mai 15-15-15 kilo 7 da rabi na naitirojin gare shi, sai an haɗa buhu uku kafin a kusa kamo yuriya ɗaya. Kada dai a ce na ce a bar kamfa, domin tana da fosfaras da fotash, waɗanda yuriya ba ta da su ko kaɗan. Akwai kuma amoniyam salfet: mol ɗinsa giram 132 ne, naitirojinsa 28, wato wajen kilo 10 da rabi a buhu. Idan naitirojin kake nema, aka sayar maka da shi fiye da rabin kuɗin yuriya, to araharsa ta baka ce kawai. Buhu ɗaya, nauyi ɗaya, amma abin da ke ciki ya bambanta.

Kai kuma ɗana, wuri biyu na sha ganin yara suna tuntuɓe. Na farko, ba a raba kilo da giram. Mai da kilo giram tukuna. Na biyu, ƙaramar 2 ɗin nan ta bayan baka tana ninka duk abin da ke cikin bakar. Wanda ya manta da ita zai sami 44 maimakon 60, amsa ta rushe. Ƙa'idar ɗaya ce tak: nauyin da ke hannunka, a raba shi da nauyin mol ɗaya.

Malam, shawarata kada ka cire shi. Tun 2020 ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya nan a Zuru, kusa da gida, kuma wannan lissafi yana cikin abin da zai tarar a jarrabawar WAEC da NECO. Kafin nan, ranar kasuwa ka tafi da shi wurin mai taki, ka ba shi biro da takarda, ya lissafa maka kuɗin kilo ɗaya na naitirojin a kowane buhu kafin ka kwance lalitarka.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.