Kayan Ɗakin Amarya: Ina Gwado, Ina Luru?



Duk wanda ya leƙa wajen jeren ɗakin amarya a yau zai ga labule mai hawa biyu, zanen gado da rigunan matashin kai, kafet ko leda a ƙasa, ga bargo mai laushi a kan katifa. Kyau kam akwai shi. Sai dai yawancin waɗannan kaya daga China da Turkiyya da Dubai ake shigo da su, a sauke a Kantin Kwari da ke Kano.

A da, uwar amarya gwado take nema, wanda aka saƙa da zaren audugar gida, da luru mai kauri na lokacin sanyi, da zanen saƙi, da tabarmar kaba. Idan ana son launi, a kai zanen marina irin ta Ƙofar Mata, a tsoma cikin ruwan baba da toka, sannan mabuga su buge shi har ya yi sheƙi. Amma yanzu masaƙar KTL da ta fara aiki a Kaduna a 1957 ta rufe, wasu da dama suka bi bayanta, masaƙan hannu kuma suna ta raguwa.

Ba a hana kowa sayen na waje ba. Amma iyaye mata, a cikin kuɗin kayan ɗaki ku ware wani abu don saƙar gida. Audugarta tana shan gumi a lokacin zafi, tana jure wanki, kuma kuɗinta yana shiga aljihun manomi da masaƙi da marini.

Mu kwana lafiya.