Yadda Za A Auna Nauyin Ciwo Mai Daɗewa A Kan Yara Da Matasa



Maganar da aka umurce ni in kawo muku yau a kan ciwo ce, irin wanda yake daɗewa a jikin yaro. Likitoci suna lissafa ciwo cikin masu daɗewa idan ya wuce wata 3 yana nan, ko kuwa yana tafiya yana komowa. A ƙasarmu babban misalinsa shi ne amosanin jini, wanda yanzu aka fi sani da sikila. An ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya, ba kuwa wata ƙasa a duniya da ta kai mu.

Ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, sukan yi kwana wajen 120 a jiki. Na mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. In suka toshe ƙananan hanyoyin jini sai ciwo ya taso a ƙashi, ko a ƙirji, ko a ciki. Gadonsa ake yi daga uwa da uba duka biyu. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wajen cin abinci tare.

To, a asibiti akwai hanyar auna zafin ciwo. Akan ce wa yaro ya faɗi lamba daga 0 zuwa 10, in ƙarami ne a nuna masa zanen fuskoki ya zaɓi wadda ta yi daidai da abin da yake ji. Wannan awo yana da amfani ƙwarai, amma labarin wannan sa'a kaɗai yake bayarwa. Ba ya faɗin abin da ciwon ya ƙwace wa yaron a cikin shekara, watau karatunsa da wasansa da barcinsa da abokansa. Wannan ɓangare iyaye da malamai ne kaɗai suke iya auna shi, gama su ne suke tare da yaron kullum.

Malamin makaranta yana da ma'auni a hannunsa, shi ne rajistar aji. Ya ƙirga kwana nawa yaron ya yi fashi a zango guda, ya kuma duba lokacin. Sau da yawa zai tarar fashin ya taru a cikin hunturu, ko da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro, domin sanyi da zazzaɓi da ƙishirwa su ne suke ta da ciwon. Yaron ya komo an wuce shi, ya faɗi jarrabawa, a maimaita masa aji tare da ƙannensa, daga nan sai makaranta ta fita ransa. Abin da ya fi baƙanta rai kuwa, tun da ciwon ba shi da rauni a fili, sai ka ji ana kiransa malalaci ko mai raki.

Sha'anin matasa ya fi wuyar ganewa, ina roƙo ku saurara da kyau. Mai sikila yakan yi jinkirin girma da balaga, idanunsa su yi rawaya, wani ma gyambo ya fito masa a idon sawu. Saurayi ya ga tsararsa sun fi shi jiki, ya daina fita ƙwallo, tun abokai suna zuwa ƙofar gida suna sallama da shi har su daina. Budurwa kuma tana jin abin da mata suke faɗi a kan aurenta, ko da sun rage murya. Mu kuwa mutane ne masu yabon dauriya, mun koya wa 'ya'yanmu in an ce yaya jiki su ce da sauƙi. Saboda haka matashi yakan ɓoye ciwonsa don kada ya ƙara wa uwarsa damuwa, mu kuma mu ɗauki shirunsa a kan samun sauƙi. Wanda yake so ya san gaskiya sai ya keɓe da shi, ya tambaye shi yaushe rabonsa da fita wasa, wa ya zo gaishe shi a wannan mako, dare nawa ya yi bai runtsa ba.

Gidan ma a sa shi cikin lissafi: kwana nawa uwa ta ajiye sana'arta tana jinya, nawa aka kashe, wace yarinya aka hana makaranta don ta yi reno.

Shawarar da nake ba iyaye ita ce su sami ɗan littafi su riƙa rubuta waɗannan abubuwa da kwanan wata, su tafi da shi duk ranar ganin likita. Akwai magani, ana kiransa haidiroksiyuriya, wanda yake rage yawan tashin ciwon, likita kuwa yana bukatar sanin sau nawa ya tashi a shekara kafin ya yanke shawara a kansa. Malamai kuma su bar irin wannan yaro ya sha ruwa ya fita bayan gida duk sa'ad da ya nema, kada a tsai da shi a fili da sanyin safiya, kada a yi masa bulala don makara, a kuma sa wani ɗan ajinsu ya riƙa kai masa darasin da ya wuce shi har gida.

Mai tambaya yanzu sai ya yi. Wassalamu.