Motar Mutum Bakwai: Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

 

Shugaba ya umarce mu da mu tashi mu ba da labarin motar da mu bakwai muka haɗa kuɗi muka saya, saboda akwai samari a cikinmu da ke shirin yin irin haka, kuma akwai shawarar da za a yanke yau kafin a watse. Za mu faɗi daɗin, za mu faɗi ɗacin, tunda abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.

Kowa a nan ya san abin da ya tura mu. Za ka tara albasa, ka yi ciniki da mai mota, ranar lodi ya ce an ba shi kuɗin da ya fi naka. Albasa kuwa ba ta jira. Kafin ka samu wata motar ka isa Gallabat, 'yan Matamma sun sayi ta wani, kai kuma kana tsince ruɓaɓɓu. Haka a dawowa: gahawa, tafarnuwa, citta da zuma suna jibge a bakin iyaka, kana biyan mai gadi. Da muka gaji, sai muka ce bari mu nemi tamu.

Ranar da maganar ta fita, wani kawunmu ya yi dariya ya ce: ku da ko jaki ba ku da shi, don me ba za ku sayi jirgin feshin audugar Jazira gaba ɗaya ba? Daga nan sunan ya bi ta. Har yau yaran tasha Jirgi suke ce mata.

Mun raba mallakarta ƙirat 24, kamar yadda ake raba fadan na gona. Mai mafi yawa ya ɗauki 6, biyu suka ɗauki hurhuɗu, biyu uku-uku, biyu kuma bibbiyu. Kada ku ɗauka kuɗin ajiya ne. Ɗaya ya sayar da shanunsa, ɗaya ya zuba abin da ya tara na shekaru a kan teburin agashe a Wad Madani, wata uwarmu kuma ta sayar da zinariyarta. Mun je wurin malam, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya riba da asara a tarayya suna bin gwargwadon jarin kowa ne, ya kuma tuna mana ayar bashi ta Suratul Baƙara, ya ce ku rubuta, ku sa shaidu. Mun rubuta wanda ya ba da nawa. Abin da ba mu rubuta ba shi ne ya kusa raba mu, za mu zo kansa.

Ƙarfinmu bai kai sabuwar mota ba, sai muka nufi Sifinja. Ga yara da ba su sani ba, Bedford ce ƙirar Ingila, kamfanin ya daɗe da daina yin ta, amma makanikan Sudan suka riƙe ta da rai: su ƙarfafa ƙashin bayanta, su ƙara mata sifirin, su sauya injin, har ta ɗauki kayan da ya fi wanda aka ƙera ta dominsa. Taushin tafiyarta ya sa aka ba ta sunan silifa. Amfaninta gare mu shi ne duk garin da ta tsaya akwai wanda ya san cikinta.

Ta farko da muka gani a Umdurman ta sha fenti da ado, mu duka mun rufta mata. Allah ya taimake mu mun tafi da wani tsohon makaniki daga unguwar warsha ta Wad Madani. Bai ko dubi fentin ba. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta, ya kankare wani wuri da wuƙa, sai ga tsagewa an like an shafe da baƙin mai. Ya tashi ya kakkaɓe jallabiyarsa ya ce mu tafi. Wadda ya zaɓa mana mummuna ce, ƙofarta ma da waya aka ɗaure, amma ya sa an tayar da ita da sanyin safiya, ya saurari injin, ya dubi hayaƙi, ya gwada lambar injin da ta jiki da abin da ke takarda. Ladan da muka ba shi shi ne kuɗin da ya fi kowane albarka a wannan ciniki.

Kuskurenmu na farko: mun zuba kuɗin duka a saye, ba mu bar ko na taya ɗaya ba. Sai lokaci ya juya. A Nuwamba 2020 yaƙi ya tashi a Tigrai, ga rikicin Fashaga, aka yi ta rufe Gallabat ana buɗewa. A Fabrairu 2021 gwamnati ta karya darajar jine, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a farashin hukuma. A Yuni na shekarar aka cire tallafin mai. Kayan gyara da gas suka yi sama, mota kuma tana yawan zama.

Kuskure na biyu: kowa cikinmu yana da lambar direba, kowa kuma yana jin shi mai mota ne. A farkon daminar nan aka yi lodin albasa. Ɗayanmu ya ce wa direba ya bi kwalta ta gadar Hantub. Wani ya bugo ya ce gas ya yi tsada, a yanke ta Dindir da Hawata, ai ruwa bai kankama ba. Direba ya bi na ƙarshe. Da dare ruwa ya sauka, kun kuma san baƙar lakar nan. Mota ta nutse, garin tumurmusa sandar da ke juya tayar baya ta karye. Kwana uku tana nan, albasa tana shan ruwa, rabin kayan ma na wasu 'yan ƙungiya ne da suka ba mu amana.

A daren da labari ya iso mun faɗa wa juna maganganun da ba za mu maimaita a gaban iyaye ba. Biyu suka ce a sayar kowa ya kama gabansa, ko da an faɗi. Uwarmu mai zinariya ba ta ce komai ba, kuma shirunta ya fi mana zafi.

Waɗanda suka cece mu su ne tsofaffin masu motoci na Mai Wurno da Sinnar, mutanen da muke gudu saboda muna ganin kishiyoyinmu ne. Ba mu roƙe su ba. Ɗaya ya aiko da sandar daga tsohuwar motarsa da ke ajiye, ya ce ku biya bayan kaka. Ɗaya ya nemo tarakta ta ja mu. Ɗaya ya ba da motarsa aka kwashe abin da ya tsira. Bayan haka suka zaunar da mu kamar 'ya'yansu, babbansu ya ce: duk abin da ya same ku ya same mu, bambancin kawai mu ba mu samu mai faɗa mana ba.

Ga abin da suka koya mana, wanda yanzu yake rubuce da sa hannun mu bakwai a gaban lauya. Na ɗaya, wakili guda ne kawai ke magana da direba, ana sauya shi duk shekara. Na biyu, kuɗin kowace tafiya a fitar da na gas da hanya, a ba direba da yaron mota haƙƙinsu, a zuba kaso a sanduƙin gyara, abin da ya rage shi ake rabawa. Na uku, mai ƙirat in zai yi lodi ya biya haya kamar kowa. Na huɗu, daga saukar ruwan farko ba a barin kwalta. Na biyar, mai son fita ya fara tallata wa abokan tarayya, dattawa biyu su yi kima. Na shida, in ɗayanmu ya riga mu, magada su zaɓa: su zauna a kan ƙirat ɗinsu ko a biya su.

Mun biya masu albasa a cikin tafiya biyar. Ɗayanmu ya fita daga baya saboda jinyar mahaifinsa, muka sayi rabonsa kashi-kashi, kuma ga shi can zaune a sahu na biyu, muna gaisawa. Uwarmu ba ta gama mayar da zinariyarta ba tukuna. Ba za mu ce mun yi nasara ba sai ranar da ta mayar.

Yanzu ga roƙonmu. Taimakon da muka samu sa'a ce da kirkin mutane, kuma samarin da ke tafe bai kamata su dogara da sa'a ba. Muna neman taro ya amince da abu uku: a kafa zaman masu motoci a cikin ƙungiya duk wata bayan Juma'a, a buɗe sanduƙin agaji da kowace mota za ta riƙa zubawa, don wanda ya lalace a hanya, a kuma ajiye littafi a ofis mai sunayen amintattun makanikai da masu kayan gyara daga Damazin har Gallabat. Takardar yarjejeniyarmu tana hannunmu, duk mai so ya zo ya kwafa, ba ko sisi.

Kakanninmu sun baro Burmi bayan 1903, wasu kuma sun biyo hanyar hajji, da ƙafa da jakuna suka iso bakin wannan kogi. Wanda jakinsa ya gaza, na kusa da shi ke raba masa kaya. Abin da muke nema ke nan, a kan taya.

Wanda muka saɓa wa a cikin wannan tafiya, ya yafe mana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare direbobinmu, ya sa albarka a kasuwa. Shugaba, mun mayar maka da magana.