Kishin Ƙasa a Ma'aunin Hankali



Tambayar da ke gabanmu ita ce, shin hankali yana iya kafa wa kishin ƙasa hujja, ko kuwa son zuciya ne kurum aka naɗa wa rawani?

Masu sukarsa suna da abin faɗi. Sun ce babu wanda ya zaɓi inda za a haife shi. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta tsakanin 1898 da 1906, kuma sai a 1914 Gwamna Lugga ya haɗa Arewa da Kudu. To, wane dalili zai sa Bakatsine ya ji nauyin mutumin Kalaba, wanda ba ya jin harshensa, fiye da na ɗan'uwansa na Maraɗi?

Mu fara da kalmar kanta. Bahaushe yana da kishi iri biyu. Akwai na kishiya, mai son a ce ɗakinta ya fi kowane ɗaki. Wannan hankali ba ya bayansa, domin kowace al'umma haka take ganin kanta, ba kuwa zai yiwu dukansu su yi gaskiya ba. Akwai kuma kishin mai riƙon amana, wanda ba ya yarda abin da aka ba shi ajiya ya lalace. Nan hujja take. Bakatsine da mutumin Kalaba baitulmalinsu ɗaya, dokarsu ɗaya. In ɗaya ya ci amana, ɗayan zai kwana da yunwa. Ɗalibin da harajin talaka ya ilmantar, da ma'aikacin da ke cin albashi daga gare shi, bashi ne a wuyansu. Irin wannan bashi ne, in ji Aflatun, ya hana Sukrat tserewa daga kurkukun Atina, shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa.

Amma hankalin da ya halatta kishi shi ne kuma ya yi masa linzami. Mai amana ba ya rufa wa ɓarna asiri. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da waƙa ya yi ta faɗa wa Arewa aibinta, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka duk wanda ya ce muku yana kishin ƙasa, ku dubi yadda yake riƙon kuɗin jama'a tukuna.