Gwajin Miyau Da Tambayar Asalinmu

Jawabi ga fastoci, dattawa da shugabannin ƙungiyoyin ikkilisiya

 

Maganar da muka kawo ta riga ta shigo gidajenmu. Yaranmu da ke karatu ko aiki a Ingila da Amurka da Kanada suna biyan kimanin dala 100 zuwa 300, kamfani ya aiko musu da 'yar kwalba su tofa miyau a ciki, bayan 'yan makonni a turo musu taswira da lissafi: kashi kaza Najeriya, kashi kaza Kamaru, kashi kaza Mali, wani lokaci har da ɗan ɗigon Arewacin Afirka. Yaro ya ɗauki hoton ya jefa a dandalin iyali na WhatsApp, sai gardama ta tashi. Wannan ya ce ashe mu Larabawa ne, wancan ya ce ashe kaka ƙarya ya yi mana. A ƙarshe wurin fasto ko dattijo za a zo, saboda haka ya kamata mu san abin da ke cikin kwalbar nan.

Da farko kada mu haɗa shi da gwajin jinin da muke sa masu shirin aure su yi saboda sikila. Wancan wuri guda yake dubawa, amsarsa kuma a fili take: AA, AS ko SS. Wannan kuwa yana duba abin da likitoci ke kira DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, rabi daga uwa rabi daga uba. Rubutun yana da haruffa kusan biliyan 3, kuma fiye da kashi 99 cikin 100 nasa iri ɗaya ne a jikin kowane ɗan Adam. Kamfanoni irin su 23andMe, wanda aka kafa a 2006, da AncestryDNA, wanda ya fara a 2012, ba sa karanta shi duka. Wurare kimanin 600,000 zuwa 700,000 suke dubawa, inda aka san mutane kan bambanta.

To, sai me suke yi da su? A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Babu inda aka rubuta "Bajju" ko "Tangale" ko "Kilba" a cikin jini. Abin da kwamfuta ke yi shi ne ta gwada naka da na wasu mutane masu rai a yau, waɗanda kamfanin ya ajiye nasu a rumbunsa, ta ce da waɗanne ka fi kama. Ba da kakanninka aka gwada ka ba, domin babu wanda ya ɗebi miyansu. Kuma in danginka ba sa cikin rumbun, kwamfuta ba za ta ce ba ta san ka ba, sai ta jingina ka ga wanda ya fi kusa. Shekaru da dama manyan ayyukan bincike na duniya sun dogara ga Yarabawan Ibadan a matsayin ma'aunin Afirka ta Yamma, daga baya aka ƙara Esan na Jihar Edo, da Mende na Saliyo, da mutanen Gambiya. A ƙasar da ke da harsuna sama da 500, ku lissafa da kanku nawa ne daga cikin kabilunmu na kan duwatsu suka samu shiga.

Shi ya sa amsar kan sauya. Kamfani ya ƙara mutane a rumbunsa, sai wanda bara aka ce masa rabinsa Kamaru ne ya wayi gari ya koma Najeriya, alhali jininsa bai motsa ba. A 2019 gidan talabijin na CBC a Kanada ya ba da labarin yadda ya aika da miyan wasu mata tagwaye masu kama ɗaya zuwa kamfanoni 5. Amsoshin kamfanonin ba su zo ɗaya ba, kuma a wasu wuraren kamfani guda ya ba Hassana lissafi daban da na Usaina.

Akwai wani irin gwajin da ke bin layi guda kawai, kuma shi ne ya fi yawan ambaton sunan kabila. Ɗaya yana bin uwa, uwar uwa, har can baya. Ɗayan na maza ne, yana bin uba, uban uba. Layukan gaskiya ne, amma mu yi lissafi. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. In ka koma baya hawa 10, wato kusan shekara 250 zuwa 300, gurabe 1,024 ne. Waɗannan gwaje-gwaje biyu labarin mutum 2 suke bayarwa, sauran 1,022 shiru.

Muna faɗin wannan da tausayi, domin waɗanda suka fi riƙe irin wannan gwajin 'yan'uwanmu ne baƙar fata na Amurka, waɗanda cinikin bayi ya raba su da sunan gari da na harshe. Domin su aka kafa kamfanin African Ancestry a 2003. A 2006, cikin shirin talabijin na Farfesa Henry Louis Gates, aka shaida wa Oprah Winfrey cewa layin uwarta ya dace da Kpelle na Laberiya. Wanda ya san kabarin kakansa ba zai gane nauyin irin wannan labari ba. Amma a shekarar nan ta 2006 Bert Ely da abokan aikinsa suka buga binciken da ya nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na layukan uwa na baƙar fatan Amurka da suka duba ne suka dace da kabila guda tak. Fiye da rabi sun dace da kabilu da yawa a lokaci ɗaya.

Mu ba ma bukatar Bature ya gaya mana dalili. Mata suna aure su ƙetare kogi. Yunwa tana korar mutane. A ƙarni na 19 mahara daga Zazzau da Bauchi da Adamawa sun kwashi mutane daga ƙauyukanmu, matan suka haihu a birni, jikokinsu yau Hausawa ne ko Fulani, ba su san wani harshe ba. Haka kuma akwai Bahaushe mai fatauci da ya zauna a cikinmu, jikokinsa suka zama namu. Saboda haka idan takarda ta ce wa Ba'amurke layin uwarsa na Hausa ne, mai yiwuwa Bahaushen da aka gwada shi da shi jikan wata yarinya ce da aka kama a gindin dutse tana ɗiban ruwa. Masu bi daga cikin Maguzawa da ke zaune a nan za su shaida cewa Hausa babbar riga ce, mutane iri-iri ne a cikinta.

Kada a ce mun ce ilimin banza ne. Masana na gaske sun gano abubuwa masu ban sha'awa. Akwai wani layin uba da suke kira R1b-V88, wanda binciken Fulvio Cruciani na 2010 ya samu da yawa a arewacin Kamaru cikin masu harsuna 'yan'uwan Hausa, ana kuma samunsa a Chadi da cikin Hausawa. Ɗan'uwan wannan layi shi ne ya fi yawa a Yammacin Turai. Saurayi zai ga haka ya ce kakansa Bature ne. A'a. Masana suna ganin tafiyar ta faru ne shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara ke da tafkuna da ciyawa, tun kafin zamanin Ibrahim. Haka nan a 2020 ƙungiyar masana ta H3Africa ta buga binciken mutum 426 daga kabilu 50 na Afirka, har da Berom na Filato. Sun ga alamar cuɗanyar Berom da mutanen da suka fito daga wajen Gabashin Afirka, kimanin shekara 1,500 zuwa 2,000 da suka shige.

Mun ga wasu dattawa suna gyaɗa kai, domin kusan kowa a cikinmu yana da labarin fitowa daga gabas. Hausawa suna da Bayajidda daga Bagadaza, Barebari da Jukunawa suna ambaton Yaman, wasu kuma tun da suka karɓi bishara suka fara hango Isra'ila a cikin al'adunsu na kaciya da hadaya. Binciken ya nuna mutane sun yi ta tafiya. Bai ambaci sunan gari ba, bai ambaci sunan sarki ba. Ko Lemba na Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, waɗanda suka daɗe suna cewa su zuriyar Yahudawa ne, gwaji ya samu layukan maza na Gabas ta Tsakiya a cikinsu, amma har yau masana ba su daidaita ba ko Yahudawa ne mazan ko Larabawa 'yan kasuwa.

Yanzu ga inda muke so dattawa su buɗe kunne. A ƙasarmu maganar asali ba hira ba ce. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ita ke ba yaro gurbin karatu da aiki, kuma kan maganar ɗan ƙasa da baƙo mun binne mutane, a Jos tun 2001 da wasu wuraren. Ranar na zuwa da wani zai ɗaga takardar kamfani a taron gari ya ce ga shaida, gidan su wane baƙi ne. Muna roƙonku kada ku bar wannan ya tsaya a gabanku, ko da takardar ta goyi bayan namu. Gwajin ba ya iya nuna wanda ya fara sare dajin wani ƙauye, ba ya nuna shekarar da wani gida ya iso. A Ruwanda, Turawa ne suka rubuta cewa Tutsi baƙi ne daga Habasha, aka koyar da shi a makarantu, har da na mishan, kuma masu kisan 1994 sun yi amfani da wannan magana. Kabilar Cherokee ta Amurka ta fi mu saurin ganewa. A 2018 da Sanata Elizabeth Warren ta fito da sakamakon gwajinta, hukumar kabilar ta amsa cewa ba da gwajin jini ake zama ɗan kabilarsu ba.

Abin mamaki, wurin da gwajin ba ya kuskure shi ne wurin da masu saye ba su yi tunani ba: dangantaka ta kusa. Uba da ɗa kashi 50 suke haɗawa. 'Yan uwa ɗaya uba ɗaya kusan 50. 'Yan uba kusan 25. 'Ya'yan wa da ƙani kusan 12 da rabi, ko da yake auren zumunci kan ɗaga lissafin. Kamfanin kuma yana jera maka duk wanda ya yi gwajin kuka haɗa jini. Mutum ya shiga neman kakan shekara 500, ya fito da labarin cewa yayarsa da suka tashi ɗaki ɗaya kashi 25 kawai suka haɗa.

Dattawa sun san abin da muke nufi. Akwai ɗan riƙo da ba a taɓa gaya masa ba. Akwai matar da aka gada bayan rasuwar miji, aka ci gaba da kiran 'ya'yan da sunan marigayi. A al'adun da yawa daga cikinmu wanda ya biya sadaki shi ne uban ɗa, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Akwai kuma matan da aka yi wa fin ƙarfi lokacin rikici, mijin ya karɓi yaron don ya rufa asiri. Iyayenmu sun ɗinke waɗannan da hikima, yanzu jika a Landan zai warware ɗinkin da dala 100 bai ma san ya yi ba. Idan irin wannan ta iso gabanku, kada a kai ta dandalin iyali, kada a fara da maganar horo ko gadon gona, kuma kada a yanke wa mace hukunci kafin a ji daga bakinta. Yaron da abin ya shafa bai yi laifin komai ba. Matiyu da ya rubuta asalin Ubangijinmu bai ɓoye Tamar ba, bai ɓoye Rahab ba, bai ɓoye Rut Bamowabiya ba, saboda haka ikkilisiya tana da wurin tsayawa a kan irin wannan.

Saura maganar inda miyan ke zuwa. A 2023 ɓarayin intanet suka shiga rumbun 23andMe suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 6.9, suka fitar da jerin sunayen masu jinin Yahudawa da na Sinawa suna talla. Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu mun san abin da jerin sunaye ke nufi. A watan Maris na 2025 kamfanin ya kai kansa kotu saboda karayar arziki, kuma rumbun yana cikin kayan da aka sa a kasuwa, kafin wata cibiya ta matar da ta kafa shi ta saye shi kan dala miliyan 305. A 2018 kuma 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani mai kisan kai da suka yi shekaru suna nema, ta hanyar bayanan danginsa na nesa da ke shafin GEDmatch. Kamun ya yi kyau, amma ya nuna cewa wanda ya tofa miyau ya tofa har da na danginsa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan gado cikin masu bukatar kulawa ta musamman, sai dai kwalbar a ƙasar waje take sauka.

Ba mu ce a hana kowa ba. Wanda zai yi, ya fara shawara da iyayensa, ya karanta sharuɗɗan, ya san yana iya rufe sashen neman dangi, yana kuma iya neman a goge bayanansa a zubar da miyan. Ga ƙungiyar matasa kuma muna da aiki: kowace ikkilisiya tana da tsofaffi masu shekara 80 zuwa sama da suka san sunayen kakanni hawa 5 ko 6, da tsohon kufai, da gidan da kowace kaka ta fito. A ɗauki muryarsu a waya cikin harshen gida, a rubuta a littafi, a ajiye kwafi ɗaya tare da rajistar baftisma. Muna roƙon sakatarorin gundumomi su kawo rahoton inda aka kai a zama na gaba.

 Masu tambaya sai su ɗaga hannu.